Daga Akwatin Rediyo Zuwa Garkuwar Jiki: Sharhi Kan Ma'anonin Mojuleshin

Harafin M da ke ƙarshen AM da FM, waɗanda kowa ya saba gani a jikin akwatin rediyo, gajarta ce ta wata kalmar Ingilishi da ake furtawa mojuleshin. Ɗalibar aikin jinya tana tarar da ita a darasin magunguna, tana nan a takardar da ke cikin kwalin wasu ƙwayoyi, kuma masu tallan "ƙarin garkuwar jiki" sun are ta suna ƙawata hajarsu a Facebook da WhatsApp. A unguwa irin Dogo Tebo da ke Potiskum, mai gyaran waya da mai kemis da ɗalibin Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya duk suna cin karo da ita, kowa da abin da yake nufi.

Wannan tarayya ta haifar da ruɗani iri biyu. Wasu suna ganin tunda igiyar sadarwa da jijiyar mutum duk ana yi musu bayani da kalma ɗaya, to turakun sabis na iya juya jini ko ƙwaƙwalwa. Wasu kuma sun ɗauka duk maganin da aka ce yana taɓa garkuwar jiki ƙara mata ƙarfi yake yi, don haka shansa alheri ne a kowane hali. Na farko yana jawo tsoron abin da bai kai a ji tsoronsa ba. Na biyu yana jawo sakaci da abin da ke iya halaka mutum.

Mece ce mojuleshin?

A taƙaice, ita ce juya ma'aunin abin da yake gudana. Ba ƙirƙirar abu ake yi ba, ba kuma kashe shi ake yi ba. An same shi yana tafiya, sai a ɗaga ko a sauke wata siffa tasa, kamar ƙarfinsa ko saurinsa, gwargwadon buƙata. A wannan sharhi za mu riƙa kiranta juya ma'auni.

Makaɗin kalangu ya isa misali. Fatar ganga tana da amonta. In ya ƙara ƙarfin bugu, amon ya ƙara ƙara. In ya matse tsirkiya a hammata, amon ya yi sama ya sirance, in ya saki ya sauko ya yi kauri. Da wannan matsi da saki yake kiran sunan mahauci har a gane wanda ake nufi, alhali gangar ba ta canja ba.

Saboda haka duk inda aka ambaci juya ma'auni akwai abubuwa uku: abin da yake gudana, siffar da ake juyawa, da abin da yake juya ta. Waɗannan ukun su ne suke bambanta daga fanni zuwa fanni.

A fannin sadarwa

Muryar mutum ba ta tafiya nesa da kanta. Ko an mai da ita lantarki, kaɗawarta ta yi sanyi da yawa. Sautin da yake kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, in aka ce a watsa shi kai tsaye, tsawon zangonsa zai kai kilomita 300, kuma eriyar da ta dace da shi za ta kai kilomita 75, wato kusan kashi uku cikin huɗu na tafiyar Potiskum zuwa Damaturu. Dabarar da injiniyoyi suka samo ita ce a samar da wata igiya mai saurin kaɗawa, wadda za mu kira igiyar dako, a ɗora mata muryar. Igiyar da take kaɗawa sau miliyan 100 a daƙiƙa zangonta mita 3 ne kawai, shi ya sa ƙarfen eriyar da ake zarowa daga bayan ƙaramin rediyo bai cika wuce santimita 75 ba.

Ɗora muryar shi ne juya ma'auni. A tsarin AM ƙarfin igiyar dako ake ɗagawa ana saukewa daidai da hawa da saukar murya. Reginald Fessenden yana cikin waɗanda suka fara gwada wannan a Amurka, a 1906. A tsarin FM, wanda Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933, ƙarfin yana nan yadda yake, saurin kaɗawar ne yake ɗan ƙaruwa yana ɗan raguwa. Akwatin rediyo kuma aikinsa ya ware muryar daga igiyar dako ya miƙa wa lasifika.

Wannan bambanci ne yake bayyana abin da masu saurare suka daɗe suna lura da shi. Da damina, duk walƙiyar da aka yi sai an ji ƙarar ta a tashar matsakaicin zango irin ta Rediyon Najeriya Kaduna, domin walƙiya da tartsatsin janareta ƙarfin igiya suke dagulawa, kuma a can AM ya ajiye saƙonsa. FM ya ajiye nasa a saurin kaɗawa, sai ya fito tas. Amma tashoshin FM, da ke tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108, igiyarsu miƙe take tafiya, tana ƙarewa kusa da inda idon hasumiya ya tsaya. Gajeren zango kuwa yana bugun wani sashe na sararin sama ya dawo ƙasa, shi ya sa Sashen Hausa na BBC tun 1957, da na Jamus tun 1963, da Muryar Amurka tun 1979 suka riƙa isa rugage da ƙauyukan Yobe daga dubban kilomita. Mitocin da ake jin masu gabatarwa suna lissafawa, mita 16 ko mita 19, tsawon zangon igiyar dako ne.

Wayar salula, wadda ta fara bazuwa a Najeriya a 2001, ta ɗauki dabarar ta kai ta gaba. Tana mai da murya da hoto lambobi, sannan ta juya ƙarfin igiya da matakin kaɗawarta a tare. In sabis yana da kyau, wayar 4G tana iya amfani da yanayi 64 ko 256 daban-daban, kowane yana ɗauke da guntun saƙo. In mutum ya yi nisa da turke ko bango ya tare shi, sai ta sauko zuwa yanayi 4 don kada saƙo ya lalace, intanet ya koma jan ƙafa. In aka haɗa da cunkoso irin na ranar kasuwa a karar shanu ta Potiskum, inda dubban wayoyi suke rabon turakun yanki ɗaya, sai a ga kuɗin ciniki ya maƙale a na'urar POS.

Mutanen Yobe sun san darajar wannan igiya fiye da da yawa. A watan Satumbar 2012 an kai wa turakun sadarwa hare-hare a garuruwan arewa, a watan Mayun 2013 kuma hukumomin tsaro suka katse layukan waya a Yobe da Borno da Adamawa, aka yi kusan wata biyu a Yobe kafin a maido. Fatake da majinyata da iyalai sun ji jiki a wannan tsakani.

A fannin ilimin halitta

Jikin mai rai cike yake da ayyukan da ba sa tsayawa, ana dai juya ma'auninsu. Zuciya tana da wurin da yake haifar da bugunta da kansa, kusan sau 100 a minti in an bar shi. Wata jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ita take rage shi zuwa 60 ko 80 lokacin hutu, sinadarin adiranalin kuma ya ɗaga shi lokacin gudu ko firgita.

Jijiyoyi ma haka. Edgar Adrian na Ingila, wanda ya samu kyautar Nobel a 1932, ya nuna cewa saƙon jijiya girmansa ɗaya ne ko taɓawa ce ko tsunkuli. Abin da yake bambanta su shi ne yawan saƙonnin da suke bi a daƙiƙa. A nan akwai kama ta gaske da FM. Sai dai kama da wane ba ta wane. Saƙon jijiya motsin gishirin jiki ne ta bangon ƙwayar halitta, mafi saurinsa bai wuce mita 120 a daƙiƙa ba, igiyar rediyo kuwa tana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma jijiya ba ta da wani sashe da zai karɓe ta ya fassara.

Raɗaɗi ma ana juya shi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Yaro ya yi tuntuɓe, uwa ta murza wurin, kuka ya lafa. Ronald Melzack da Patrick Wall sun bayyana dalilin a 1965: saƙon murza yana rage wucewar saƙon zafi a cikin lakar baya. A shekarun 1970 aka gano cewa jiki yana haɗa nasa sinadaran rage raɗaɗi. Akwai kuma sinadarai irin su dofamin da sirotonin da suke sa rukunin jijiyoyi su ƙara ko su rage amsa kira, ta nan suke taɓa barci da nishaɗi da kwaɗayi.

Garkuwar jiki ita ce inda fahimtar wannan ta fi muhimmanci. Lafiyarta tana cikin daidaito. In ta yi rauni, kamar a cutar ƙanjamau ko tamowa, tarin fuka da sauran cututtuka su samu ƙofa. In ta wuce gona da iri, sai ta afka wa ƙura da ƙaiƙayi, a samu asma da borin jini, ko ta juya kan gaɓoɓin mai ita, a samu wasu nau'o'in amosanin gaɓɓai da ciwon ƙoda.

A fannin likitanci

Likita yana shiga waɗannan ayyuka ne ya juya su ta inda cuta ta karkatar da su. Wanda aka yi wa dashen ƙoda, aikin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002, dole ya sha maganin rage garkuwa tsawon rayuwarsa don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar. A Yobe, inda ciwon ƙoda ya addabi yankin Gashuwa da kewaye, wannan ba baƙon zance ba ne. Allurar rigakafi kuma akasin haka take yi, tana koya wa garkuwa gane maƙiyi guda. Dukansu juya ma'auni ne, amma fuskarsu daban.

Ƙwayar dezametason ta fi kowace nuna cewa magani ɗaya yana iya zama ceto ko ɓarna. Gwajin da aka yi a Birtaniya, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Yunin 2020, ya nuna ta rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi, da kusan ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake ba iskar oksijin kawai. Waɗanda cutar ba ta kai su ga buƙatar oksijin ba, ba ta amfane su ba. Ta taimaki rukuni biyu na farko ne domin garkuwarsu ce ta yi zafin da take lalata huhu.

Irin wannan ƙwaya ce, da 'yar'uwarta firedinisolon, ake sayarwa a wasu shaguna ga mata da 'yan mata masu neman ƙiba, har ake mata laƙabi da sha-ka-fashe. Bayan 'yan makonni fuska ta cika ta yi zagaye, kitse ya taru a ƙeya da ciki, hannuwa da ƙafafu kuma su sirance. Fata ta yi laushi ta tsattsage, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni, ƙurji ya ƙi warkewa. Abin da ake gani kamar ƙoshin lafiya alamar cuta ce. Man bilicin da yawa ma suna ɗauke da dangin wannan sinadari.

A cutar sikila, wadda ake ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara a Najeriya, jinin da jariri yake zuwa da shi daga ciki yana hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa, shi ya sa alamun ciwon ba sa bayyana a watannin farko. Maganin haidiroksiyuriya yana ɗaga yawan wannan jini, sai tashin ciwo ya ragu. Binciken da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna ya nuna ana iya amfani da shi wajen kare yaran da ke cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki. Ba ya cire cutar, yana sassauta ta ne, kuma sai da gwajin jini akai-akai.

Akwai wasu misalan. Tamoksifen da ake ba masu sankarar mama yana toshe aikin sinadarin mata a mama, amma yana kwaikwayonsa a ƙashi da mahaifa. Dayazifam yana ƙara wa sinadarin da ke kwantar da jijiyoyi tasiri, shi ya sa yake tsai da jijjiga, shi ya sa kuma haɗa shi da tiramol ko kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018, yake iya tsai da numfashi. A gashin cutar daji kuma, na'urorin zamani suna juya ƙarfin haske daga kusurwoyi da yawa don ya taru a kan ƙari ya sassauta wa naman da ke kewaye.

Inda ra'ayi ya rabu

Kan turakun sadarwa, masu damuwa suna kafa hujja da cewa a 2011 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyin rediyo a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" ne su haddasa cutar. Wannan gaskiya ne, amma rukuni ne na abubuwan da shaida a kansu take da rauni. Wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyi, wanda ya fito a 2024, ya tattara binciken shekaru da dama bai sami alaƙa tsakanin wayar salula da sankarar ƙwaƙwalwa ba. Hasken da ake gashin daji da shi yana da kuzarin da zai karya ƙwayar gado, igiyar rediyo kuwa ba ta da shi, iyakacin tasirinta da aka tabbatar ɗan ɗumi ne, kuma a kansa aka gina dokokin iyaka. Jita-jitar 2020 da ta danganta 5G da korona ta yaɗu ne tun ba a fara 5G a Najeriya ba, domin sai 2022 aka ƙaddamar da shi. Wani abin lura kuma, waya tana ƙara ƙarfin abin da take fitarwa ne in turke ya yi nisa, shi ya sa batir yake saurin ƙarewa a inda babu sabis. Koke-koken maƙwabtan turke kan ƙarar janareta da hayaƙi da malalar man dizil kuwa koke ne na gaskiya, kuma hakkinsu ne hukuma ta saurare su.

Kan maganin gargajiya, masu shi suna cewa zogale da tafarnuwa da habbatus sauda suna gyara garkuwar jiki. Binciken ɗakin gwaji ya nuna wasu sinadaransu suna taɓa ƙwayoyin garkuwa, kuma ba a raina tsiro ba, tunda maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau daga wani tsiron ƙasar Sin aka samo shi. Likitoci kuma suna cewa abin da ya faru a kwalbar gwaji bai isa hujja kan mutum ba, sai an san yawan da za a sha, da wanda zai amfana, da wanda zai cutu. Rajistar da NAFDAC take yi wa yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta cewa an duba rashin illarsu a matakin farko. Ba shaidar warkarwa ba ce, kuma akan rubuta hakan a jikin kwalbar.

Abin da ba shi da mazauni a kowane ɓangare shi ne na'urar nan da ake ba mutum wani ƙarfe ya riƙe, kwamfuta ta zayyano masa ciwon hanta da ƙoda da rashin haihuwa cikin minti biyu, wai ta karanta kaɗawar jikinsa. An ari harshen injiniya an lulluɓe ciniki da shi. Hanta ba ta watsa igiyar da tafin hannu zai miƙa wa kwamfuta. Gwajin jini da fitsari da hoton asibiti ne suke nuna halin da take ciki.

Abin da zai biyo baya

Nan gaba wannan kalma za ta ƙara yawa a kunnen jama'a. Sadarwa tana ƙara cusa saƙo mai yawa a igiya ɗaya, magungunan daji da na amosani na zamani kuma da yawansu ta garkuwar jiki suke aiki. In fahimta ba ta bi sahu ba, za a ga asara ta fuska biyu: unguwanni su ƙi turken da kasuwancinsu yake buƙata, iyalai kuma su kashe kuɗin asibiti a kan kwalaben ƙarin garkuwa. Arewa ta riga ta ga tsadar ruɗani a ƙauracewa rigakafin shan-inna na 2003 zuwa 2004, wanda ya sa cutar ta sake bazuwa, har sai 2020 aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Afirka.

Nauyi yana kan malaman makarantun lafiya da na fasaha, irin su Kwalejin Jinya ta Shehu Sule da ke Damaturu, su koyar da ɗalibai yadda za su yi wannan bayani da Hausa. Yana kan hukumomi su sa ido a kan sayar da magungunan da ba a bayarwa sai da takardar likita. Mai saye kuma yana da tambayoyi uku da zai yi wa duk wanda ya ce hajarsa tana daidaita jiki: me take juyawa, sama take kai shi ko ƙasa, kuma wa ya auna ya tabbatar? Mai gaskiya ba zai rasa amsa ba.

Akwai gargaɗi guda da ya fi gaggawa. Duk wadda ta yi makonni tana shan ƙwayar ƙiba kada ta daina rana ɗaya. Jiki ya riga ya rage haɗa nasa sinadarin saboda wanda ake ba shi daga waje, kuma yankewa farat ɗaya na iya jawo faɗuwar jini da suma, har da rasa rai. Ta ɗauki kwalin ta je asibiti, likita ya tsara mata yadda za a riƙa ragewa sannu a hankali har jikin ya koma aikinsa.